Kunne Nawa Ke Sauraren Mai Gadin Daji?

Ran 5 ga watan Agusta na shekarar 1949, da misalin ƙarfe 4 na yamma, wani jirgin sama ya yi shawagi bisa wani kwari da ake kira Mann Gulch a jihar Montana ta ƙasar Amurka, ya saki samari 15 da laima domin su kashe wata wutar daji da tsawa ta tayar. Dukansu suka sauka lafiya. Bayansu aka jefo kayan aiki, da gatura da shebur da abinci, kowane ƙunshi da laimarsa. Laima guda ce ta ƙi buɗewa, ita ce kuwa mai ɗauke da akwatin wayar iska. Akwatin ya bugi ƙasa ya tarwatse. Tun daga nan babu mai iya gaya musu abin da wutar ke yi a inda idonsu bai kai ba, su ma ba su da halin sanar da kowa inda suka dosa. Kafin ƙarfe 6 iska ta tsananta, wutar ta tsallake kwarin ta tare musu hanyar zuwa kogin Missouri, sa'an nan ta biyo su kan gangaren dutse da gudun da ya fi na mutum. Mutum 13 suka halaka, har da wani mai gadin daji da ya tako da ƙafa domin ya kama musu aiki. Uku kaɗai suka tsira.

Wuta da iska da tsayin dutse su suka kashe samarin nan, amma rashin wayar shi ya sa suka fuskanci masifar su kaɗai, ba mai ji ba mai gani. Tun daga wannan rana ma'aikatan daji na Amurka ba su sake ɗaukar wayar iska, wadda ake kira oba-oba a nan, a matsayin kayan ƙawa ba. To, sai dai ita wayar tana tafe da wata matsala tata, wadda ita ce wannan fili zai duba a wannan mako. Maganar da mai gadin daji ya saki cikin iska ba ta zaɓen kunne. Abokin aikinsa zai ji, ɗan jarida zai ji, manomin da wuta ta doso gidansa zai ji, ɓarawon da ya shigo dajin da dare shi ma zai ji. Shin a bar kowa ya saurara, ko kuwa a toshe?

DAJI BA IYAKA, MA'AIKATA KAƊAN

Kafin a gane nauyin tambayar, sai an san faɗin ƙasar da ake magana a kai. Gwamnatin tarayyar Amurka tana riƙe da fili kimanin eka miliyan 640, watau fiye da rubu'in ƙasar baki ɗaya, wanda ya kusa ninka Nijeriya sau uku. Hukumar Gandun Daji, wadda aka kafa cikin 1905, tana kula da eka miliyan 193. Hukumar Dazuzzukan Shaƙatawa ta Ƙasa, ta 1916, tana da wajen eka miliyan 85 a wurare fiye da 400. Hukumar Kula da Filayen Gwamnati kuwa, ta 1946, ita ke da kaso mafi tsoka, wajen eka miliyan 245. Dajin Yellowstone kaɗai, wanda aka keɓe tun 1872, ya ninka jihar Legas fiye da sau biyu. A irin waɗannan wurare ma'aikaci ɗaya yakan yi tafiyar sa'o'i cikin mota ko bisa doki bai haɗu da ɗan'uwansa ba, kuma a mafi yawan dajin wayar salula ba ta kamawa.

Wuta ce ta fara koya wa hukumomin nan darajar saƙo. Cikin watan Agusta na 1910 wata gobara ta lashe eka miliyan 3 a jihohin Idaho da Montana cikin kwana biyu, ta kashe mutum fiye da 80, galibinsu masu kashe wuta ne waɗanda gargaɗi bai isa gare su ba. Bayan wannan aka shiga gina hasumiyoyin tsaro bisa duwatsu, aka ja wayar tarho ta cikin itatuwa mil dubbai. An gwada aika saƙo da madubi da hasken rana, har tattabarai an gwada. Amma wayar da aka rataya jikin itace takan ƙone tare da itacen a daidai lokacin da aka fi bukatarta. Saboda haka cikin shekarun 1930 Hukumar Gandun Daji ta riƙe ɗakin ƙira nata na kanta a birnin Portland na jihar Oregon, inda injiniyoyinta suka yi ta ƙera akwatunan wayar iska marasa nauyi, waɗanda mutum zai iya goyawa ko a ɗora wa alfadari.

YADDA MAGANAR KE TAFIYA

Mai karatu ya saba da tashoshin FM, waɗanda ke tsakanin lamba 88 da 108 a jikin akwatin rediyo. Ma'aikatan dajin gwamnatin tarayyar Amurka suna magana ne a can gaba da wannan, tsakanin megahaz 162 da 174. Magana a wannan zango tana tafiya kusan kamar yadda ido ke gani, in dutse ya gitta sai ta tsaya. Oba-oba ta hannu ƙarfinta bai wuce wat biyar ko makamancin haka ba, don haka mutumin da ke cikin kwari ba zai ji wanda ke bayan dutse ba, ko da mil biyu ne tsakaninsu.

Dabarar da aka yi ita ce kafa ƙananan tashoshin miƙa magana a ƙololuwar duwatsu. Kowace tasha ɗan ɗaki ce mai eriya da batir da farantan hasken rana, wata ma sai da jirgi mai saukar ungulu ake kai mata gyara. Takan karɓi muryar ma'aikaci a layi ɗaya, ta sake watsa ta nan take a wani layin da ƙarfin da ya fi na farko. Kowace oba-oba tana aika wata 'yar ƙara a ƙarƙashin murya, wadda ke buɗe tashar da ake nufi kamar yadda mabuɗi ke buɗe kwaɗo. Daga can maganar ta isa ɗakin sadarwa, inda ma'aikaci ke zaune yana rubuta wa ya fita, ina ya nufa, yaushe aka ji shi na ƙarshe. In gobara ta yi girma, akwai rumbun wayoyi na ƙasa a birnin Boise na jihar Idaho, daga inda ake aika akwatunan oba-oba da tashoshin wucin gadi zuwa bakin wuta.

A nan ne matsalar take. Tashar da aka ɗora bisa dutse domin ma'aikacin da ke ƙasan kwari ya ji, ita ce kuma ke kai maganarsa garuruwan da ke nesa da dajin mil da yawa. Abin da ya ba shi murya shi ya yawaita masa kunnuwa.

MASU KASA KUNNE

Wajen 1968 wani kamfani a jihar Indiana ya fito da akwatin rediyo mai suna Bearcat, wanda ke laluben layuka da kansa, yana tsalle daga wannan zuwa wancan har ya tarar da inda ake magana ya tsaya. Akwatin lalube ya shiga gidaje da ofisoshin jaridu, aka sami jama'a masu yawa waɗanda sauraren 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da ma'aikatan daji ya zame musu abin sha'awa, kamar yadda wani ke kiwon tattabaru. Gwamnatin tarayya ba ta buga cikakken jerin layukanta ga kowa, saboda haka masu sha'awar suka riƙa tattarawa da kunnensu. Mutum zai kwana a gefen daji da akwatinsa da littafi, yana rubuta lambar kowane layi, da sunan dutsen da tashar take, da laƙabin da ake kiran kowane ma'aikaci da shi, sa'an nan su yi musaya a tsakaninsu. Daga 2012 abin ya ƙara araha, domin an gano cewa wata 'yar na'urar kama talabijin da ake soka wa kwamfuta, wadda kuɗinta bai kai dala 30 ba, tana iya yin aikin akwatin lalube. Yau kuma akwai kafofi irin su Broadcastify masu ɗora dubban layuka a intanet, har wanda ke wata nahiya ya saurara ta wayarsa.

Dokar Amurka ba ta hana wannan ba. Dokar sirrin sadarwa ta 1986 ta halatta sauraren wayar hukumomin tsaron lafiyar jama'a matuƙar an sake ta a buɗe, ta kuma haramta fasa wadda aka kulle. Tsohuwar dokar sadarwa ta 1934 ta yi hani ga yin amfani da abin da aka ji domin cin riba. Wasu jihohi, kamar New York da Indiana da Kentucky, sun taƙaita ɗaukar akwatin cikin mota. A Ingila kuwa hukuncin daban ne, domin can laifi ne mutum ya saurari saƙon da ba dominsa aka aika ba in ba shi da izini. Kowace ƙasa da dokarta, kada mai karatu ya ɗauki ta Amurka ya ce ta ko'ina ce.

IDAN KUNNE YA JI

Hausawa sun ce idan kunne ya ji, jiki ya tsira, kuma masu goyon bayan barin layuka a buɗe da wannan suke kafa hujja. Sanarwar hukuma tana bin matakai, sai wannan ya tabbatar wancan ya sa hannu, wuta kuwa ba ta jiran sa hannu. Cikin watan Nuwamba na 2018 gobara ta cinye garin Paradise a jihar Kalifoniya cikin 'yan sa'o'i, mutum 85 suka mutu, kuma da yawa daga mazauna garin gargaɗin hukuma bai same su ba sam. Cikin 2021 aka kafa wata ƙungiyar sa kai a jihar mai suna Watch Duty, wadda mutanenta, cikinsu har da tsofaffin 'yan kwana-kwana da tsofaffin ma'aikatan ɗakin sadarwa, ke zaune dare da rana suna sauraren layukan masu kashe wuta, suna tace abin da suka ji, suna aika wa jama'a ta wayar hannu. Lokacin gobarar birnin Los Angeles cikin watan Janairu na 2025 ɗimbin mutane da wannan manhaja suka dogara wajen sanin lokacin da za su bar gidajensu. Da an kulle layukan, da wannan aiki bai yiwu ba.

Akwai kuma hujja ta biyu, wadda 'yan jarida suka fi riƙewa. Dajin na jama'a ne, albashin ma'aikacin daga harajinsu yake fitowa, wasu ma'aikatan kuma suna ɗauke da bindiga da ikon kama mutum. Hukumar da ake jin maganarta takan yi hattara da aikinta, in kuma aka yi kuskure ba ita kaɗai ce za ta ba da labarin yadda aka yi ba.

MAGANA ZARAR BUNU

Ɗaya ɓangaren ma yana da tasa hujjar, ba kuwa ƙarama ba ce. Aikin gadin daji a Amurka aiki ne mai hatsari. Ran 1 ga Janairu, 2012, a dajin Dutsen Rainier na jihar Washington, wata ma'aikaciya mai suna Margaret Anderson ta ji ta oba-oba cewa wata mota ta ƙi tsayawa a shingen bincike. Ta gitta motarta a hanya domin kada mutumin ya isa inda baƙi suka taru, shi kuwa ya fito da bindiga ya harbe ta. Ta mutu tana da shekara 34, ta bar 'ya'ya biyu ƙanana. Wanda ke fuskantar irin wannan mutum ba zai so a ce abokin gaba yana jin ta ina taimako zai ɓullo da kuma minti nawa ya rage ba.

Ban da masu bindiga, akwai ɓarayi. Ana satar saiwar magani a dajin Great Smoky, ana yanke kullutun manyan itatuwan Redwood a Kalifoniya, ana tone kufan mutanen farko na ƙasar ana kwashe tukwane da kayan tarihi, har dokar 1979 ta ba hukumomi ikon ɓoye inda irin waɗannan kufai suke. Duk ɓarawo abu ɗaya yake so ya sani, watau ina mai gadi yake a daren nan. In ma'aikaci guda ne a yankin da ya kai faɗin ƙaramar hukuma, kuma aka ji ya ce ya nufi arewa, to an ba ɓarawo kudu kyauta. Haka kuma sunan wanda ya yi hatsari, da ciwonsa, da lambar motarsa, duk sukan bi iska kafin iyalinsa su sani. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Su kansu dabbobin ba su tsira ba. Masana sukan ɗaura wa kyarkeci ko beyar abin wuya mai aika 'yar ƙara ta iska, domin a riƙa sanin inda yake. Cikin 2016 hukumar dazuzzukan Kanada ta hana baƙi shiga dajin Banff da na Yoho da na Kootenay da na'urar kama irin wannan ƙara, da tarar da za ta iya kaiwa dalar Kanada 25,000, bayan da aka yi zargin wasu masu ɗaukar hoto suna bin dabbobin da ita. Abin da mai hoto ya iya, mai bindiga ma zai iya.

ZAURANCE DA WAHALARSA

Maganin da aka kawo shi ne zaurance irin na na'ura. Tun 1989 aka fara tsara wani ma'auni na wayar hukumomi da ake kira P25, wanda ke mayar da murya lambobi kafin ta tashi. Mayar da murya lambobi kaɗai ba ya ɓoye ta, domin daga baya an fito da akwatunan lalube masu fassara shi. Abin da ke ɓoyewa shi ne kulle lambobin da mabuɗin sirri, yadda wanda ba shi da mabuɗin ba zai ji komai ba sai gurnani.

Sai dai kulle yana da nasa tsada. Dole a zuba mabuɗin cikin kowace oba-oba ɗaya bayan ɗaya, a kuma riƙa sauya shi. Cikin 2011 wasu masana na Jami'ar Pennsylvania suka bayyana cewa sun shafe shekara biyu suna saurare a wasu birane, suka yi ta jin jami'an tsaron tarayya suna faɗin asirin aikinsu a fili, alhali suna zaton a kulle suke. Wani maɓallin ne ya ruɗe shi, wani kuwa ɗaya daga cikin ayarin ne ba shi da mabuɗi, sai kowa ya buɗe domin a ji juna.

Wannan na biyun shi ne babban abin tsoro a bakin wuta, inda ma'aikatan tarayya da na jiha da na ƙauye da matuƙan jiragen sama ke haɗuwa rana ɗaya ba su taɓa ganin juna ba. Ran 30 ga Yuni, 2013, a gobarar Yarnell ta jihar Arizona, mutum 19 daga cikin ayari mai mutum 20 suka ƙone. Rahoton bincike ya nuna cewa wasu wayoyin ba a saita musu 'yar ƙarar nan mai buɗe layi daidai ba, maganganun da aka yi gajeru ne masu harshen damo, kuma an yi fiye da minti 30 ba a da sahihin labarin inda ayarin yake. Shugabanni sun ɗauka suna nan a wurin da wuta ta riga ta cinye, inda babu hatsari, alhali sun gangara wani kwari. Da suka yi kiran neman agaji akwai babban jirgin kashe wuta a sama yana jiran a gaya masa inda suke. Wannan fa a layin da ba a kulle ba ke nan. Wanda ya ƙara kwaɗo a kan irin wannan ruɗani ya ƙara hanyar mutuwa. Shi ya sa har yanzu galibin layukan kashe wutar daji a Amurka a buɗe suke, kulle kuwa an fi yin sa a layukan masu kama masu laifi.

DARASIN ZAKOUMA

Wannan rabo da aka yi, a buɗe wani layi a kulle wani, shi ne hankali, kuma an ga irinsa a kusa da gida. A dajin Zakouma na kudu maso gabashin Chadi, ɓarayin haure masu zuwa bisa dawakai sun rage giwaye daga fiye da 4,000 a 2002 zuwa wajen 450 a 2010. A shekarar ce gwamnatin Chadi ta damƙa ragamar dajin ga ƙungiyar African Parks. Cikin abubuwan da aka fara yi har da kafa ɗakin sadarwa mai aiki dare da rana, da ɗaura wa giwaye abin wuya mai nuna inda suke, da kuma raba wayoyin iska ga ƙauyukan da ke kewaye. Inda garken giwaye yake da inda 'yan sintiri za su kwana, wannan sirrin ɗakin sadarwa ne. Amma layin ƙauyuka an yi shi ne domin a yawaita masu ji da masu faɗa, wanda duk ya ga baƙin mahaya ya sanar. Giwayen suka daina raguwa, suka koma haihuwa, har suka sake haura 500.

Ba a samu wannan a banza ba. Cikin watan Agusta na 2012 'yan sintiri suka fatattaki wani sansanin ɓarayi a Heban, arewa da dajin, suka tarar da harsasai da wayar tauraron ɗan'adam, abin da ya nuna cewa su ma ɓarayin sun san darajar saƙo. Cikin Satumba ɓarayin suka dawo suka auka wa ma'aikata shida suna sallar asuba. Biyar suka mutu nan take, na shidan ba a sake ganinsa ba. Allah ya jiƙansu.

Dazuzzukan ƙasar nan ba su fi ƙarfin irin wannan lissafi ba. Gashaka-Gumti, a jihohin Taraba da Adamawa, ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma a cikinsa ne dutsen Chappal Waddi yake, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya. Duwatsun da ke tare magana a Montana irinsu ne ke tare ta a can. A Kamuku da Tafkin Kainji kuwa ma'aikata sun yi fama da mutane masu ɗauke da makamai, waɗanda oba-oba ba baƙuwa ba ce a hannunsu. Duk hukumar da za ta sayi wayoyi, ya kamata ta fara da tambayoyi uku kafin ta tambayi farashi. Shin maganar tana isa kowane kwari, ko akwai inda ma'aikaci zai yi kira ba a ji ba? Shin akwai mai zama a ɗakin sadarwa da ƙarfe 3 na dare, da batir mai rai? Sa'an nan wace magana ce ta jama'a, wace ce ta sirri?

Gargaɗin wuta da ambaliya da neman wanda ya ɓata, waɗannan a bar su a buɗe, domin yawan kunnuwa a nan rahama ne. Hanyar sintiri da makwancin dabba da sunan wanda ya kawo rahoto, waɗannan a kulle su, a kuma koya wa ma'aikaci ya ɗauka kullum cewa akwai baƙon kunne a layi. Wanda ya kulle duka ya toshe kunnen maƙwabcin da zai cece shi, wanda kuma ya buɗe duka ya yi wa ɓarawo jagora. Mafi muni daga cikinsu duka shi ne halin samarin Mann Gulch, waɗanda akwatinsu ya fashe tun kafin su fara aiki, suka nufi wuta babu mai jin su.

Sai kuma mako mai zuwa, in Allah ya kai rai.